Kafin a kayar da rago, a tanadi inda naman zai kwana

Duk shekara, kwana biyu zuwa huɗu bayan Babbar Sallah, na san waɗanda za su cika mana benci a ƙaramin asibitin da nake aiki: yara da tsofaffi masu amai da gudawa da murɗawar ciki. In na tambayi uwa sai ta ce, "Malama, ai nama ne ya yi masa yawa." Wani lokaci haka ne. Amma sau da yawa naman ne ya fara juyawa tun kafin ya shiga baki, kuma a gidanmu ya juya, a hannunmu.

Muna shafe makonni muna shirin ɗinki da lalle da cinikin rago, amma sai an gama fiɗa ake fara cigiyar kwalla da kasko. Iyayena mata, wannan shirin shi ya kamata ya riga sauran. Tun ana saura kwana uku a fito da kwallaye da tukwane masu murfi, a wanke su, a kife su a rana su bushe ƙarau. A share ɗakin ajiya, a toshe ramukan ɓera. Mai firji ta kwashe tarkacen ciki, ta wanke shi, ta daskarar da ruwa a robobi tun da sauran wuta. Maigida kuma ya tanadi itace ko gawayi da mai da gishiri, kada nama ya zauna jiran a dawo daga kasuwa.

Dalilin gaggawar shi ne zafi. Ƙwayoyin cutar da ke ɓata abinci sun fi yaɗuwa tsakanin digiri 5 zuwa 60 a ma'aunin Salshiyos, wasunsu kuma suna ninka kansu cikin kusan minti 20. Shekarun nan Sallar tana faɗowa tsakanin ƙarshen bazara da farkon damina, ga zafi ga laima ga ƙuda. Kakanninmu da suka rataye rago ya kwana a lokacin hunturu, iska mai sanyi da bushewa ce ta taimake su. Wannan iskar ba ta nan yanzu. Wanda zai rataye, ya rataye a inuwa mai iska, a cire kayan ciki gaba ɗaya, a rufe da yadi mai shara-shara saboda ƙuda, kuma da sassafe a hau aiki. Mutanen Yamai da Damagaram da ke gicciya sanduna su banda rago a gefen wuta tun ranar yanka, dabararsu ta fi dacewa da irin wannan yanayi.

Kayan ciki ba sa kwana. Hanta da huhu da ƙoda da tumbi da hanji, a wanke su a dafa su a ranar. Tumbi da hanji a wanke su nesa da tsokar nama, a kwano dabam, domin ƙazantar cikinsu ita ce babbar hanyar da cuta ke bi ta hau sauran naman. Wuƙar da ta taɓa su a wanke ta da sabulu kafin ta koma kan nama.

Inda na fi ganin ana kuskure shi ne bayan suya. Uwargida ta sha wahala, ta soya nama ya yi kyau, sai ta juye shi da zafinsa a kula ko leda ta rufe. Tururin nan zai koma ruwa ya sauka kan naman, kwana biyu ki ga ya yi yauƙi ko funfuna. Nama mai daɗewa shi ne wanda aka tafasa da gishiri har ruwansa ya tsotse, aka soya shi ya soyu har ciki, aka tsame a kwando ya tsane ya huce sarai, sannan aka zuba a busasshen mazubi mai murfi. Ki raba shi gida-gida: na ci yau dabam, na ajiya dabam, don kada kowane yaro ya riƙa tsoma hannu cikin babbar kwalla. A ɗiba da cokali busasshe. Dambun nama ma haka, sai ya bushe sosai yake ajiyuwa. Farfesu da miya kuwa kada su wuce awa biyu a ajiye ba wuta ba sanyi. Kuma kada dumame ya ruɗe mu: akwai dafin da ƙwayoyin cuta ke bari a abinci wanda tafasa ba ta kashe shi. Naman da ya canja wari, ko ya yi yauƙi, a binne shi. Kada a kai wa almajiri, shi ma ɗan wani ne.

Masu firiza, a ƙulla naman ƙanana-ƙanana daidai girki ɗaya. In an ɗauke wuta, firiza cikakkiya da ba a buɗewa tana riƙe sanyi kusan awa 48, wadda take rabi kusan awa 24, firji kuwa awa 4 kacal. In kin ga wutar ba ta da niyyar dawowa, fito da shi ki soya tun yana da sanyinsa.

Kai da ƙafa a babbake su da itace ko kara. Hayaƙin taya da roba guba ne, yana kama fatar da za a ci. Jini da ƙazantar tumbi a haƙa rami a binne, kada a tura su kwata.

In duk da haka yaro ya fara gudawa, a haɗa masa ORS, wato garin gishiri da sukari da ake ba mai gudawa, ƙunshi ɗaya cikin adadin tsabtataccen ruwan da aka rubuta a jikinsa, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, mai shan nono a ci gaba da ba shi. In akwai jini a bayan gidan, ko amai ya ƙi tsayawa, ko idonsa ya faɗa, ko ya kasa sha, ku kawo shi asibiti a daren, kada ku jira hutun Sallah ya ƙare.