Gasar Tarihi ta Ɗaliban Amurka: Abin da Tsofaffin Takardun Masu Ƙirƙira Ke Koya Musu

Wace gasa ce wannan?

Sunanta National History Day, wato Ranar Tarihi ta Ƙasa, ko da yake aikin ba na rana ɗaya ba ne, kusan shekarar karatu guda yake ci. Malamin tarihi David Van Tassel ne ya fara ta a 1974 a Jami'ar Case Western Reserve da ke Cleveland, da ɗalibai 129. Yau 'yan aji 6 zuwa 12 ke shiga. Ana tankaɗe da rairaya daga yanki zuwa jiha, kafin zakaru su haɗu a Jami'ar Maryland a watan Yuni. Ɗalibi na iya gabatar da maƙala, ko baje koli, ko gajeren fim, ko wasan kwaikwayo, ko shafin intanet.

To ina ruwan kimiyya da gasar tarihi?

Kowace shekara da takenta. Na 2010 ya tsaya ne a kan ƙirƙira, na 2021 kuma a kan sadarwa. Ko da taken bai ambaci kimiyya ba, yara kan karkata zuwa rigakafin shan inna, ko bam ɗin nukiliya, ko zuwa duniyar wata, don labarai ne masu jan hankali.

Me ya sa littafin makaranta bai isa ba?

Saboda dokar gasar ta tilasta wa ɗalibi ya raba majiyoyinsa gida biyu, na ganau da na jiyau, ya kuma faɗi amfanin da ya yi da kowacce. Littafin makaranta jiyau ne. Wasiƙa, hoto, littafin da mai bincike ke rubuta gwajinsa a ranar da ya yi shi, su ne ganau, kuma a gidajen adana takardu suke. Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka yana riƙe da takardun Alexander Graham Bell, mai ƙirƙirar wayar tarho, har da shafin 10 ga Maris 1876 inda ya rubuta yadda ya kira mataimakinsa Watson ta waya. Jami'ar Rutgers ta daɗe tana tattara takardun Thomas Edison, mai ƙirƙira da ya yi suna da ƙwan lantarki. Cibiyar Tarihin Kimiyya ta Philadelphia kuwa tana da hirarrakin da aka ɗauka da masana sinadarai. Da yawa daga cikin waɗannan an ɗora su a intanet kyauta.

Ke nan duk abin da takardar asali ta faɗa gaskiya ne?

A'a, kuma a ganina nan ne daɗin aikin yake. Ranar 17 ga Disamba 1903, Orville da Wilbur Wright sun tashi da jirginsu sau huɗu a kusa da garin Kitty Hawk da ke jihar North Carolina. Da yamma Orville ya buga wa mahaifinsu wayar tangaraho zuwa garinsu Dayton. Takardar da ta isa hannun tsohon ta ce tashi mafi tsawo sakan 57 ne, har sunan Orville ɗin an rubuta shi ba daidai ba. Alhali sakan 59 Wilbur ya yi a sama, ya ci ƙafa 852. A hanya aka yi kuskuren, wajen miƙa saƙon daga wannan tasha zuwa waccan.

Yaron da ya kwafi wayar kawai zai kawo adadin da ba daidai ba, yana bugun ƙirji wai daga tushe ya samo. Wanda ya ajiye ta gefen littafin da Orville ke rubuta abubuwan kullum, ya ga saɓanin, ya nemi dalilinsa, ya fara aikin masanin tarihi ke nan. Irin wannan aikin ne alƙalan gasar ke nema, fiye da jera sunan gwani ana yi masa kirari.

Ma'aikatan gidajen adana takardun suna yi wa yara aikin ne?

Ba sa rubuta wa kowa ko layi ɗaya. Sukan fitar da jerin batutuwan da suka dace da taken shekara, su nuna akwatin da ya kamata a buɗe, su amsa tambaya ta imel. Tambayar ce dai sai ta zama takamaimai. Wanda ya rubuta "a turo min komai a kan Edison" zai sha jira. Wanda ya nemi bayanan gwaje-gwajen ƙwan lantarki na 1879 an san inda za a dosa da shi.