Ma'aunin Fischer: Abin Da Jini Ke Faɗa Idan Hanta Ta Gaza

Furotin ɗin da muke ci a wake, ƙwai, kifi ko nono yana narkewa ne ya koma ƙananan tubala da ake kira amino asid. Uku daga cikinsu, lusin da aisolusin da balin, ana ce musu masu reshe saboda ƙirar jikinsu. Jiki ba ya iya haɗa su, sai dai a ci. Abin mamakinsu shi ne hanta ba ta cika taɓa su ba, wucewa suke yi sai tsoka ta sarrafa su. Wasu kuma, irin su fenilalanin da tairosin, galibi aikin hanta ne.

Ma'aunin Fischer lissafi ne mai sauƙi: a haɗa adadin masu reshen nan uku da ke cikin jini, a raba da jimillar fenilalanin da tairosin. A jikin mai lafiya amsar kan kai 3 zuwa 3.5. Idan hanta ta ƙandare, kamar yadda ciwon hanta nau'in B kan jawo bayan shekaru, lissafin na iya faɗowa zuwa 1 ko ƙasa da haka. Sunan na likitan tiyata ne ɗan Amurka, Josef Fischer.

Me ke karya lissafin? Fenilalanin da tairosin suna taruwa don hantar da ke kwashe su ta kasa. Masu reshe kuwa tsoka ce ke cinye su. Hanta ce ke mayar da gubar amoniya ta zama yuriya a fitar da ita a fitsari. Da ta gaza, sai tsoka ta ɗauki nauyin, tana ɗaure amoniyar cikin sinadarin gulutamin, kuma masu reshe take ƙonawa wajen wannan aiki. Haka majiyyaci ke ta ramewa, hannu ya tsotse, ciki kuma ya kumbura da ruwa.

A shekarun 1970 Fischer da abokan aikinsa suka kawo hasashen cewa tunda rukunonin biyu ƙofa ɗaya suke bi zuwa ƙwaƙwalwa, idan masu reshe suka yi ƙaranci, ɗayan rukunin zai kwarara ciki ya haifar da saƙonnin jabu. Daga nan sai ruɗewa, barcin rana da farkawar dare, da karkarwar hannu. A yau likitoci sun fi ɗora laifin ruɗewar a kan amoniya, shi ya sa maganin lactulose, mai rage amoniya, ke kan gaba. Ƙarin masu reshe ta baki yana rage ruɗewar, amma ba a nuna yana rage mace-mace ba.

Inda na fi ganin amfanin sanin wannan shi ne a kwanon abinci. A da akan hana mai ciwon hanta furotin, har gobe wasu 'yan uwa na hana shi ƙwai da wake don tausayi. Wannan ƙara cinye tsokar da ke cetonsa ne. Shawarar likitoci yanzu ita ce giram 1.2 zuwa 1.5 na furotin a kowane kilo na nauyin jiki kullum, a ci kaɗan-kaɗan, da ɗan abin taɓawa kafin a kwanta barci.