Me Ya Sa Shari'ar Masu Safarar Mutane Ke Mutuwa a Hanya?

A ƙauyukan Kano da Jigawa da wuya ka rasa gidan da bai san wata yarinya da aka kai birni aikatau ba, ko wani saurayi da ya bi hanyar Agadas aka daina jin ɗuriyarsa. Amma wanda ya kai su, sau nawa aka ji an ɗaure shi?

Wa ke da alhakin kama su?

NAPTIP ce, hukumar yaƙi da safarar mutane ta Najeriya, wadda aka kafa a 2003, kuma tana da ofishin shiyya a Kano. 'Yan sanda da jami'an shige da fice kan kama, su miƙa mata. Dokar da take aiki da ita yanzu ta 2015 ce, kuma a babbar kotu ake gurfanar da wanda ake zargi.

Idan iyaye ne suka ba da yarinyar da hannunsu, ina laifin?

Da wannan tambayar ake rufe bakin mutane da yawa. Dokar ta 2015 ta haramta sa yaron da bai kai shekara 12 ba aikatau, hukuncinsa ɗaurin wata shida zuwa shekara uku. Yardar iyaye ba ta wanke dillaliyar da ta karɓi yarinya tana cin kuɗin guminta. Iyayen ma galibi yaudararsu aka yi: an ce za ta tara kuɗin kayan ɗaki, ba a faɗa musu za ta kwana a ƙasan kicin tana shan duka ba.

To me ke kashe shari'ar?

Rashin shaida. A irin wannan laifi, babbar shaida ita ce wadda aka cuta, wanda ya cuce ta kuma ba baƙo ba ne. Gwaggo ce, ko maƙwabciya, ko Hajiyar da ta taɓa ranta wa mahaifinta kuɗin taki. Da an kama ta, sai dangi su cika zaure, a je wurin mai unguwa ko dagaci, a ce a rufa wa juna asiri, zumunci ya fi ƙarfin kotu. Uban da ya kai ƙara jiya, yau shi ne zai roƙi a janye.

Ni ban raina sulhu ba, ya kashe rigimar gona da ta aure ba adadi. Amma a nan wa aka sulhunta? Yarinyar ba a tambaye ta ba, dillaliyar kuma za ta koma ƙauyen gaba ta ɗauko wata.

Ga kuma kunya. Wadda aka yi lalata da ita ta san in ta yi magana a kotu, labarin zai riga ta isa gida, masu neman aurenta su janye. Ga kuɗin mota: shari'a a Dutse ko Kano, shaida a ƙauye, a ɗage zama yau a ɗage gobe. Manomi ba zai bar gonarsa da damina don zaman da ba tabbas ba. Ranar da shaida ya daina zuwa, lauyan hukuma ba shi da abin riƙewa.

Hujja fa, ba a samun ta a rubuce?

Da wuya. Cinikin baka ne, kuɗin hannu da hannu, yaran da yawa ba su da takardar haihuwa da za ta nuna shekarunsu.

In an fita da mutum ƙasar waje fa?

Nan abin ya fi wuya. Daga Maigatari taku kaɗan ne zuwa Nijar, daga nan Damagaram, Agadas, sai Libiya. Jami'in Najeriya ba ya bincike a can sai da haɗin kan hukumomin ƙasar. Nijar ta yi dokar hana fasa-ƙwaurin baƙin haure a 2015, gwamnatin soja ta soke ta a ƙarshen 2023. Sau da yawa direba ko ɗan rakiya ake kamawa, uban tafiyar yana zaune lafiya.

An taɓa yin nasara kuwa?

An yi. A 2019 aka gano yara tara 'yan Kano da aka sace aka kai Onitsha, a 2021 babbar kotun Kano ta yanke wa jagoran masu satar shekara 104. Iyayen yaran sun tsaya, jama'a ba su bar maganar ta kwanta ba.

Wanda abin ya shafa yanzu, me zai yi?

Kada ya goge lambar wayar dillaliya ko saƙonnin muryarta. Ya rubuta ranar tafiya, tashar da aka hau mota, nawa aka karɓa, a gaban wa. Ya kira NAPTIP a 627 ko ya je ofishin 'yan sanda mafi kusa, tun kafin dangi su zauna.