Haɗa sinariyo a editan gem ɗin jirgin ƙasa

Sinariyo a gem ɗin tuƙin jirgin ƙasa shi ne aikin da ake tsara wa direba: inda zai tashi, ƙarfe nawa, tashoshin da zai tsaya, kayan da zai ja, da sauran jiragen da za su riƙa kai da komowa a layin yayin da yake tuƙi. Layin dogon kansa da tashoshi da gadoji an riga an gina su, mai sinariyo aiki kawai yake ɗorawa a kai. Edita kuma shi ne sashen gem ɗin da ake wannan shiri a ciki.

Abin ya daɗe. Microsoft Train Simulator da kamfanin Kuju na Ingila ya haɗa ya fito a 2001 da nasa editan mai suna Activity Editor, a shekarar ne kuma Auran na Ostareliya ya fitar da Trainz. Kuju ya sake kawo Rail Simulator a 2007, shi ne ya koma RailWorks a 2009, yau kuma sunansa Train Simulator Classic a hannun Dovetail Games. Akwai Open Rails ma, kyauta ne kuma yana karanta fayilolin tsohon na Microsoft, dan haka yaran unguwannin Nima ko Aboabo a Gana masu tsohuwar laftof ba sai sun kashe kuɗi wajen sayen shi kansa gem ɗin ba.

A Train Simulator Classic farko zaka zaɓi layi, sai irin sinariyon, Standard ko Career mai ba da maki ko Free Roam na yawo kawai, sai lokaci da yanayi, damina ko hazo ko dare. Daga nan ka ɗora kan jirgi a kan dogo, ka jona masa taragu, ka sa masa direba ka nuna cewa wannan ne na ɗan wasa. Umarni ake jerawa ɗaya bayan ɗaya, tsaya nan ka ɗauki fasinja, je can ka ajiye taragu biyu, ƙarshe kuma inda tafiya zata ƙare, kuma umarnin yana kamawa ne a alamomin da mai layin ya dasa a dandamali da layukan gefe. Wannan kam ko sabon shiga zai iya.

Inda aikin yake shi ne jiragen da kwamfuta ke tuƙawa. Gem ɗin yana da nasa mai ba da hanya, shi ke juya mahaɗar dogo ya kunna sigina, kuma ba ya kallon wanda ka fi so, ajin jirgi yake kallo, jirgin fasinja mai gudu yana gaba da mai tsayawa kowace tasha, jirgin kaya kuma sai ya jira, to in ka sa ajin ba daidai ba sai ka ga ɗan wasa ya tsaya a jar sigina har gem ya ƙare alhali jirgin da yake jira shi ma jiransa yake a ɗaya ɓangaren. In kuma jiragen kwamfuta biyu suka yi karo, ko da a can nesa ne inda ba ka gani, sinariyon ya mutu nan take. Shi yasa masu gwaninta suke ƙara jirgi ɗaya ɗaya suna gwadawa, kuma jirgin da ya gama aikinsa su tura shi wata ƙofa a ƙarshen layi inda yake ɓacewa dan kar ya tare hanya. A ganina sinariyon da ba jirgi sai naka ba shi da daɗi ko kaɗan, duk kyan bishiyoyinsa.

Mutumin Gana zai gane wannan da sauri, dan tsohon dogonmu mai faɗin milimita 1,067 mafi yawansa layi ɗaya ne. Layin yamma ya iso Kumasi daga Sekondi a 1903, na Accra zuwa Kumasi aka kammala a 1923, kuma ma'adinin manganis na Nsuta ta dogo aka riƙa kai shi tashar ruwan Takoradi. Wanda yake son kwaikwayon irin wannan sai ya samu layi ɗaya mai wuraren kaucewa, ya sa jirgin ma'adini mai nauyi ya haɗu da na fasinja, ya lissafa wanda zai riga isa wurin kaucewar da kuma ko tsawon taragun zai shiga ciki, dan in wutsiyar jirgin ta rage a babban layi sigina ba zata buɗe ba.

Masu son ƙari a Train Simulator Classic suna rubuta ɗan umarni da yaren kwamfuta na Lua dan saƙo ya fito wa direba ko wani abu ya faru a wani wuri. Train Sim World 2 na 2020 ya zo da Scenario Planner, mai sauƙi sosai amma ba ya ba ka iko kamar editan Train Simulator Classic.

In an gama sinariyon Train Simulator Classic ana iya ɗora shi a Steam Workshop, wurin da 'yan wasa ke raba abin da suka haɗa a intanet, sai dai duk kan jirgi ko tarago na kuɗi da ka sa, dole wanda zai buga shi ma ya saya, in ba haka ba zai samu gurbi ko ma ya ƙi tafiya, dan haka ana rubuta jerin abubuwan da ake buƙata a bayanin. Kuma a riƙa danna F2 ana adanawa, dan dumsor, wato ɗaukewar wuta, ba ya sallama.