Idan aka ce kalifar birkin babur tana yoyo, me ake nufi?

Da yamma an canja fad ɗin birki, an wanke kalifa, an mayar da komai mazauninsa. Gari na wayewa sai ga ɗigo biyu a ƙasa kusa da tayar gaba, ko wani danshi yana sheƙi a jikin ƙarfe. Nan take mai babur zai ce kalifa tana yoyo. Maganar ta fi abin da ya faru girma, domin da wuya jikin kalifa ya huje. Kusan kullum mahaɗa ce ke zubar da man birki, kuma mahaɗar da hannu ya taɓa jiya.

Kalmar kalifa aro ce daga Turanci, inda asalinta sunan wani ma'auni ne mai ƙafa biyu da ke cafke abu ta gefe da gefe. A babur, ita ce dunƙulen ƙarfen nan da ya haye faifan birki. A cikinta akwai fistan, ɗaya ko biyu ko huɗu. Idan ka matsa hannun birki, masta, wato ƙaramin famfon da ke sama a jikin hannun birkin, ta turo mai ta cikin tiyo, man ya ture fistan, fistan ya danna fad a jikin faifai. Dabarar ta ginu ne a kan abin da Bafaranshen nan Blaise Pascal ya bayyana tun ƙarni na 17, cewa matsin da aka yi wa ruwa a rufaffen wuri yana isa ko'ina a cikinsa ba ragi. Honda CB750 na 1969 shi ya yaɗa irin wannan birki a baburan kasuwa. Abin riƙewa a nan shi ne kalmar "rufaffe". Mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa. Duk kafar da mai ya samu ya fita, iska za ta iya bi ta shiga, shi ya sa yoyo da laushin hannun birki suke tafiya tare.

Kafin a ɗauki sifana, a fara tabbatar da cewa yoyon na gaskiya ne. Ƙusar cire iska, wadda makanikai ke kira nono, rami gare ta a tsakiya. Bayan an gama cire iska, ɗan mai kan maƙale a ramin da cikin zarenta, ya yi ta naso a hankali har kwana ɗaya ko biyu, musamman idan kalifa ta ɗauki zafi. Wannan ragowa ce kawai. Haka nan idan aka tura fistan baya don sabon fad ya shiga, man yakan koma sama, tulun masta ya cika ya tumbatsa, ya biyo tiyo ya gangaro har ƙasa. Wani lokaci ma man ba na birki ba ne, sil (robar da ke tare mai) ɗin shok na gaba ne ya gaji yake ɗiga a kan kalifa. Rarrabe su ba wuya. Ka lakato da yatsa ka zuba ruwa: man birki na yau da kullum yana narkewa ya bi ruwan, man shok kuwa sai ya tsaya yana santsi.

Gwajin da ya fi raba gardama ba ya buƙatar kayan aiki. Wanke wurin tas, ka bar shi ya bushe ƙayau. Naɗa takarda mai laushi a kowace mahaɗa, ko ka barbaɗa farar hoda. Matsa hannun birki da ƙarfi, ka ɗaure shi a jikin hannun babur, ka bar shi ya kwana. Da safe inda takarda ta jiƙe, nan ne. Ka kuma duba daga sama zuwa ƙasa, don mai gangara yake yi, inda ya taru ba lallai ba ne inda ya fito.

Mahaɗar da ta fi yawan laifi ita ce inda tiyo ya haɗu da kalifa. Ƙusar da ke wurin ana ce mata banjo, ita ma da rami a cikinta inda mai ke bi, kuma tana da washa biyu, ɗaya a kowane gefen zoben tiyo. Waɗannan washoshi na jan ƙarfe ne ko alminiyam, an yi su da laushi da gangan. Idan aka ɗaure, sai su lotse su cike duk wani ɗan tabo da ke fuskar ƙarfe. Lotsewar nan ita ce aikinsu, kuma sau ɗaya suke yin ta da kyau. Ka ɗaga tsohuwar washa a haske, za ka ga zoben da ƙusa ta zana mata. Ƙarfen ya riga ya taurare a wannan siffa, idan aka mayar da ita ba za ta sake kwanciya daidai ba. Tsofaffin hannu sukan gasa ta jan ƙarfe har ta yi ja don ta sake laushi, kuma dabarar tana aiki idan an rasa yadda za a yi. Ni dai ban ga hikimar yin tsimi a kan abu mafi araha a duk birkin ba.

Kuskuren da kowa ke faɗawa shi ne ƙara ɗauri. Ka ga ɗigo, hannu ya kai ga sifana, a ƙara rabin juyi, gobe a ƙara wani. Jikin kalifa alminiyam ne, ƙusar kuma cikinta fanko ne. Ko dai zaren ya zame, ko ƙusar ta tsinke, sai gyaran washa biyu ya koma sayen kalifa sukutum. Littafin kowane babur yana faɗin ƙarfin ɗaurin da ya dace, kuma da sifana mai awo ake cika shi. Ana kuma samun banjo iri biyu masu kauri ɗaya, milimita 10, amma tazarar zarensu ta bambanta, ɗaya 1.0 ɗaya 1.25. A ido kamar tagwaye suke. Idan ƙusa ta fara cijewa tun juyi na biyu da hannu, tsaya, ba tata ba ce.

Nono kuwa ba zarensa ke tsare mai ba. Bakinsa mai tsini ne, yana zama a wani gurbi mai siffar mazurari a cikin kalifa, ƙarfe a kan ƙarfe. Saboda haka naɗa farin tef ɗin masu gyaran famfo a zarensa ba ya tsayar da yoyon da ke zuwa daga gurbin. Ƙwayar yashi ɗaya ko tsatsa a bakin ta isa ta hana shi zama. A cire, a goge bakin da gurbin, idan tsinin ya ci a sa sabo. Ɗaurinsa kaɗan ne ƙwarai, yawanci bai kai 10 a ma'aunin ƙarfin ɗauri na Nm ba, kuma karyewarsa a ciki na daga abubuwan da ke ɓata wa makanike yini.

Idan danshin daga bayan fad yake fitowa, to magana ta koma kan sil ɗin fistan. Wannan robar ba zagayayya ba ce kamar sauran zobban roba, gefenta a miƙe yake mai kusurwa huɗu. Idan fistan ya fito, tana ɗan karkata ta bi shi, idan ka saki birki ta miƙe ta jawo shi baya kaɗan. Ita ce dalilin da fad ke sakin faifai ba tare da sifirin ba. A gabanta akwai ƙaramin sil na tare ƙura. Abin da ke kashe su bayan gyara sananne ne: an tura fistan ciki da dattinsa, ya shiga a karkace ya yanki robar, an kama shi da filaya ya yi tabo, ko an sa sabon sil a gurbin da farar tsatsar alminiyam ta cika, ta ɗago shi. Sai kuma babban laifi, wanke roba da fetur ko kananzir, ko shafa mata giris na gama-gari. Robar birki ba ta jituwa da duk man da aka tace daga ɗanyen mai, kumbura take yi ta lalace. Da man birki mai tsabta ake jiƙa ta, ko giris ɗin da aka yi don robar birki. Kalifar da ke rabuwa gida biyu kuma tana da ƙaramin zoben roba a tsakanin ɓangarorin, mai saurin faɗuwa ba a lura ba.

Man da za a ƙara, a duba murfin tulu, an rubuta irinsa da haruffan DOT da lamba. Haruffan DOT sunan ma'aikatar sufuri ta Amurka ne, wadda ta tsara matakan. DOT 3 sabo ba ya tafasa ƙasa da digiri 205 a ma'aunin Celsius, DOT 4 kuma 230, DOT 5.1 yana kai 260. Su ukun dangi ɗaya ne. DOT 5 shi kaɗai na silikon ne, ba a gauraya shi da su, duk da kamar sunan. Ukun nan suna zuƙar danshi daga iska, wanda ke rage musu juriyar zafi, shi ya sa yawancin kamfanoni ke cewa a sauya duk shekara biyu, kuma gorar mai da ta daɗe a buɗe ba ta da amfani. Suna kuma cin fenti, duk inda ya zuba a bi shi da ruwa nan take.

Fad ɗin da ya sha mai ya tashi daga aiki, wanki ba ya fitar da abin da ya riga ya shiga cikinsa. Faifai kuwa ana goge shi da maganin wanke birki. Bayan an toshe kafar, dole a sake cire iska, sannan a yi ta matsa hannun birki har ya yi tauri tun babur yana tsaye, domin fistan da aka tura baya sai an matsa sau da yawa kafin ya iso fad. Ka riƙe shi a matse na kamar minti ɗaya. Idan ya tsaya cak, ka gwada a hankali inda ba ababen hawa. Idan yana ta nutsewa zuwa hannun babur alhali ba ɗigo ko'ina, robar cikin masta ce ke barin mai ya koma tulu, can za a nufa.