Tukar Inabi Da Sinadaran Da Ake Tatsa Daga Cikinta: Tambayoyi Da Amsoshi

Me ke saura idan an gama matse inabi?

Ɓawo, ƙwayoyi da 'yan sanduna. Wannan tuka takan kai kusan kashi 20 cikin ɗari na nauyin inabin da aka matse, shi ya sa ƙasashe irin su Italiya, Faransa da Sifaniya ke tara ta tuli-tuli kowace kaka. Da danshi take fitowa, ga sauran sukari, don haka idan aka bar ta kwana kaɗan sai ta yi tsami ta fara funfuna.

To me ake nema a ciki?

Dangin sinadaran da ake kira polifenol, masu hana iskar oksijin lalata mai da sauran kayan abinci, abin da masana ke cewa antioksidan. Ɓawon jan inabi na ɗauke da antosayanin, mai ba shi launi, da ɗan resberatirol. Ƙwayoyin kuwa cike suke da katekin da tanin, masu ɗaurin baki. Matsa ba ta fitar da su duka, mafi yawansu na maƙale a bangon ƙwayoyin halittar shukar.

Me ya sa ba za a jiƙa ta a ruwa kawai ba?

Ana iya yi, sai dai abin da zai fito kaɗan ne. Ruwa na kwaso sukari da abin da ya saba narkewa a cikinsa, ya bar manyan tanin a baya. Itanol, wato sinadarin barasa, shi ma zallansa ba ya yin aikin sosai, domin ba ya kumbura busasshiyar tukar balle ya ratsa ta. Da an haɗa su, itanol kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari, sauran ruwa, sai kowa ya yi nasa: ruwa ya buɗe hanya, itanol ya narkar. Idan launin ake so, sai a ƙara ɗan asid, kamar na sitirik, saboda antosayanin ba ya riƙe jansa sai a wuri mai tsami.

An ce metanol da asiton sun fi tatsa. Gaskiya ne?

Su ma sinadarai ne masu narkar da abu kamar itanol, kuma a ɗakin gwaji sau da yawa haka ne. Asiton da aka surka da ruwa gwani ne wajen fitar da tanin na ƙwayoyi. Amma metanol guba ne, kaɗan daga cikinsa na iya makantar da mutum. Duk wanda zai sa abin da ya tatsa a abinci ko man shafawa dole ya tabbatar bai bar ragowarsa ba, kuma wannan tabbaci kuɗi ne. A ganina mai neman kasuwa gara ya haƙura da ɗan ƙarin da metanol ke bayarwa ya tsaya kan itanol, wanda ke tafasa a digiri 78, ana iya turara shi a sake amfani da shi.

Zafi fa?

Ɗumi na sa aikin ya yi sauri, galibi tsakanin digiri 40 da 60. Idan ya wuce haka ya daɗe, antosayanin ya lalace, ruwan ya koma ƙasa-ƙasa. Saboda haka ne ma ake cire itanol ɗin a na'urar da aka zuƙe wa iska, inda yake tafasa ba tare da zafi mai yawa ba. Niƙa busasshiyar tukar ta yi laushi kafin a jiƙa na rage lokaci. Wasu kuma na girgiza haɗin da sauti mai ƙarfi wanda kunne ba ya ji, don bangon ƙwayoyin halittar ya fashe.

Ina ake kai abin da aka samu?

Launin abinci mai lamba E163 a Turai, wanda ake gani a lemuka da alewa, ɓawon inabi na cikin abubuwan da ake samo shi daga gare su. Ana kuma gwada shi a mai da nama don jinkirta lalacewa, ana sayar da na ƙwayoyin a matsayin ƙarin abinci.

Magani ne kenan?

A'a. Gwajin DPPH, mai nuna ƙarfin antioksidan, da na Folin-Ciocalteu, mai nuna yawan polifenol, waɗanda ake yawan ambata, suna auna abin da ke faruwa ne a cikin kwalbar gwaji. Hanji ba ya tsotse polifenol duka, hanta kuma na sauya wanda ya shiga jini. Na Folin-Ciocalteu ma yakan lissafa bitamin C da wasu nau'ikan sukari tare da polifenol, don haka adadin da ya nuna na iya ɗara na gaskiya.