Waiwaye: Yadda jami'o'i suka tashi daga haramta ƙirƙirarriyar basira zuwa gindaya mata sharuɗɗa

Ranar 30 ga Nuwamba, 2022, kamfanin OpenAI na Amurka ya fitar da manhajar ChatGPT, daidai lokacin da ɗalibai a ƙasashe da dama ke fama da jinga da shirin jarrabawar ƙarshen zango. Dokokin satar rubutu da jami'o'i suka daɗe suna aiki da su an tsara su ne a kan mutum ya kwafi aikin wani mutum, ko ya biya kuɗi a rubuta masa. Sai ga na'ura da ke haɗa sabon rubutu cikin daƙiƙoƙi, rubutun da ba a kwafo shi daga wani littafi ba, balle a buɗe shafi a nuna wa ɗalibi inda ya ɗauko.

Matakin farko da aka ɗauka shi ne haramci. A watan Janairun 2023, hukumar makarantun gwamnati ta birnin New York ta toshe manhajar a na'urorinta, cibiyar Sciences Po da ke Faris ta hana ɗalibanta amfani da ita ba tare da sun bayyana ba, sannan manyan jami'o'in Ostireliya suka fara maganar komawa jarrabawar biro da takarda. Jami'ar Hong Kong ta bi sahu a watan Fabrairu da haramcin wucin gadi. Haramcin bai yi tsawon rai ba, domin hukumar makaranta tana iya toshe intanet ɗin harabarta, amma ba ta da iko da wayar da ke aljihun ɗalibi. New York ta janye nata a watan Mayu, Hong Kong ma ta sassauta kafin shekarar ta ƙare.

Daga nan sai hankali ya koma kan manhajojin da aka ce suna gano rubutun na'ura, kuma a nan ne aka fi shan wahala. OpenAI da kansa ya fitar da irin wannan manhaja a ƙarshen Janairun 2023, tare da amsa cewa kashi 26 cikin 100 kacal take ganewa na rubutun na'ura, tana kuma yi wa kashi 9 cikin 100 na rubutun mutane ƙazafi. A watan Yuli ya janye ta. Kamfanin Turnitin, wanda malaman jami'o'in Najeriya suka san shi wajen tantance kundin digiri, ya ƙaddamar da tasa a watan Afrilu, yana cewa kuskurenta bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Jami'ar Vanderbilt ta Amurka ta zauna ta yi lissafi: a 2022 ta tura takardu 75,000 ta manhajar Turnitin, don haka kashi ɗaya na nufin takardu kusan 750 da za a iya tuhumar masu su da laifin da ba su aikata ba. A watan Agustan 2023 ta kashe sashen manhajar da ke gano rubutun na'ura.

Binciken da ya fi shafar irinmu shi ne wanda masana a Jami'ar Stanford suka wallafa a 2023. Sun gwada manhajoji bakwai da rubuce-rubucen jarrabawar gwajin Turanci ta TOEFL na mutanen da Turanci ba harshen uwa ba ne gare su, sai manhajojin suka ɗora wa na'ura kimanin kashi 61 cikin 100 na rubutun. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Manhajojin suna zargin rubutun da kalmominsa suke da sauƙin hasashe, shi kuwa wanda ya koyi Turanci a aji yakan tsaya kan kalmomin da ya tabbatar da su, ba ya yawan kauce wa ƙa'ida. Ɗalibin da ya tashi da Hausa a gida, ya kwana yana rubuta jingarsa da hannunsa cikin taka-tsantsan, yana cikin waɗanda wannan ma'auni zai fi saurin zalunta.

A tsakiyar 2023 ne salon dokokin ya sauya. A watan Yuli, ƙungiyar Russell Group mai manyan jami'o'i 24 a Birtaniya ta fitar da ƙa'idojin da suka karkata ga koya wa ɗalibai da malamai amfani da fasahar bisa gaskiya. A watan Satumba hukumar UNESCO ta fitar da nata jagoran, bayan wani bincikenta a makarantu da jami'o'i sama da 450 ya nuna cewa waɗanda ke da rubutacciyar doka a kan batun ba su kai kashi 10 cikin 100 ba.

Abin da akasarin jami'o'i suka tsaya a kai daga baya shi ne barin hukunci a hannun malamin kowane kwas, tare da wajabta wa ɗalibi ya bayyana manhajar da ya yi amfani da ita da abin da ta yi masa. A ganina wannan sauke nauyi ne fiye da warware matsala, domin ɗalibi ɗaya zai iya samun malamai biyar da dokoki biyar a zango guda, abin da ya halatta a darasin safe ya zama maguɗi a na yamma. Sharaɗi ɗaya dai ya samu karɓuwa ko'ina: duk kuskuren da ke cikin aikin na ɗalibi ne. Ya zama dole a faɗi haka, saboda manhajar kan ƙirƙiro manazarta da sunan marubuci da shekara da lambar shafi, malami ya neme ta a laburare ya tarar babu irin wannan littafi a duniya.

Jami'ar Sydney ta ɗauki hanyar da ta fi fitowa fili, inda ta raba tantancewa gida biyu: wadda ake yi a gaban mai sa ido, kamar jarrabawa a zaure ko amsa tambayoyi baki da baki, da kuma ayyukan da ɗalibi ke yi a gida, waɗanda jami'ar ta amince ba za ta iya hana amfani da manhaja a cikinsu ba. Alƙaluma sun goyi bayan wannan tunani. Binciken 2025 na cibiyar HEPI, mai nazarin manufofin ilimi mai zurfi a Birtaniya, ya gano cewa kashi 88 cikin 100 na ɗaliban digirin farko sun yi amfani da irin waɗannan manhajoji a ayyukan da ake ba su maki, alhali shekara guda kafin nan adadin kashi 53 ne.